Fashin Baƙi: Dogon zama da daskarewar jini, ina haɗarin yake, ina kuma fargabar ta wuce gona da iri?

Shin da gaske ne mutum zai iya wuni a kan kujera yana aikinsa, jini ya daskare masa a ƙafa, gudan ya ɓalle ya nufi huhu, ya yanke jiki ya faɗi? Tambayar nan tana bakin ma'aikatan ofis, da direbobin dogon zango, da ɗaliban da ke raba dare suna karatu, da matasan da ba sa rabuwa da kwamfuta. Ta ƙara yaɗuwa tun daga 2020, lokacin da korona ta zaunar da duniya a gida, likitoci kuma suka lura cewa cutar kanta tana haddasa daskarewar jini. A 2021 sai ga labarin wata irin daskarewa ta daban, wadda ba kasafai ake samun ta ba, a jikin wasu ƙalilan da aka yi wa rigakafin AstraZeneca. Daga nan gudan jini ya shiga jerin abubuwan da mutane ke kwana da tsoronsu, su tashi da shi.

Amsar ita ce e, hakan yana faruwa, har an rasa rayuka. Sai dai a ganina an ajiye tsoron a inda ba muhallinsa ba. Matashi mai ƙoshin lafiya, wanda ke tashi daga kujerarsa lokaci-lokaci, shi ya fi kowa fargaba, alhali yana cikin waɗanda haɗarin ya fi yi wa nisa. Wanda aka sallamo daga asibiti bayan tiyata, da mai jego, da mai fama da ciwon daji, waɗanda abin ya fi kusa da su, galibi ko labarinsa ba su taɓa ji ba.

Wace daskarewa ake magana a kai?

Daskarewar jini ni'ima ce a asali. Ba don ita ba, ɗan yanka kaɗan ya isa ya sa mutum ya yi ta zubar da jini har ƙarfinsa ya ƙare. Matsala tana tasowa ne idan jini ya dunƙule a cikin jijiya, inda babu wani rauni da ake buƙatar toshewa.

Jijiyoyin jini kashi biyu ne: masu kai jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi, da masu mayar da shi zuciya. Gudan da ke toshe kashin farko shi ke kawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kuma dalilansa sun fi karkata ga hawan jini, da ciwon suga, da shan taba. Wanda ake dangantawa da dogon zama yana faruwa ne a kashi na biyu, cikin manyan jijiyoyin da suka nutse a tsokar ƙafa ko cinya ko ƙugu. Shi likitoci ke kira DVT a taƙaice. Idan wani yanki nasa ya ɓalle, jini zai ɗauke shi, ya ratsa ɓangaren dama na zuciya, ya maƙale a jijiyoyin huhu. Nan ne hatsarin mutuwa yake. Huhu ne ƙarshen tafiyarsa kusan ko da yaushe, don haka tsoron da wasu ke yi cewa gudan ƙafa zai haura ƙwaƙwalwa abu ne da da wuya ya faru, sai idan ya samu wata 'yar ƙofa a tsakanin ɗakunan zuciya ya bi ta nan.

Tun ƙarni na 19 likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya nuna cewa gudan da ake tsinta a huhun mamaci daga jijiyoyin ƙasan jiki yake tasowa. Har yau ana koya wa ɗaliban likitanci sharuɗɗa uku da aka laƙaba wa sunansa: jini ya rage gudu, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Zama yana taɓa na farko ne kawai. Yawanci kuma sai sharuɗɗan sun haɗu kafin gudan ya samu wurin zama.

Ga yadda zaman ke rage wa jini gudu. Jinin da ya sauka ƙafa sai ya haura kafin ya koma zuciya, kuma zuciya ita kaɗai ba ta isa ta jawo shi ba. Tsokar sharaɓa, wato ta bayan ƙwauri, ita ke taya ta: duk takun da mutum ya yi, tsokar tana matse jijiyoyin ta tura jinin sama, wasu ƙananan murafai a cikin jijiyar kuma su hana shi gangarowa. Idan aka zauna gwiwa a lanƙwashe, bakin kujera ya danne bayan cinya, tsokar kuma ta daina motsi, sai jinin ya kwanta kamar ruwan da ya rasa magudana.

Yadda aka gano alaƙar da zama

Zancen ba na jiya ba ne. A 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, wani likita mai binciken gawa, Keith Simpson, ya lura mutuwa ta dalilin gudan jini a huhu ta yawaita. Da ya bi diddigi, sai ya tarar mamatan suna kwana a zaune a maɓoyar ƙarƙashin ƙasa, a kan kujerun da sandar gabansu ke danne bayan ƙafa har gari ya waye. A 1954 wani likitan tiyata na Amurka, John Homans, ya rubuta labarin mutanen da abin ya same su bayan doguwar tafiya a jirgi ko mota.

Abin da ya fito da maganar fili shi ne mutuwar wata 'yar Birtaniya mai shekara 28 a 2000, jim kaɗan bayan ta sauka a filin jirgin Heathrow daga Ostireliya. A 2003 wasu likitocin New Zealand suka ba da labarin wani mai shekara 32 da gudan jini ya toshe masa huhu, mutumin da kan yi awa 12 a gaban kwamfuta, wasu ranakun har 18, ba ya ko tashi sai jefi-jefi. A shekarar ce kuma ɗan jaridar gidan talabijin na NBC na Amurka, David Bloom, ya rasu a Iraƙi yana da shekara 39, bayan ya shafe kwanaki a takure cikin motar yaƙi. A Japan ma an ga irin haka bayan girgizar ƙasa ta Niigata a 2004 da ta Kumamoto a 2016, a jikin waɗanda suka koma kwana a cikin motocinsu.

Duk wanda ya dubi labaran nan da kyau zai ga abu guda ya haɗa su. Zama ne na takura, na awanni masu yawa ko kwanaki, babu damar miƙe ƙafa, sau da yawa kuma da wani dalili a ɓoye. David Bloom, alal misali, bayan rasuwarsa aka gano yana ɗauke da wata larurar gado mai sa jini saurin daskarewa. Wannan ya sha bamban da zaman ma'aikacin da zai miƙe ya je banɗaki, ya dawo, ya amsa kira a tsaye, ya leƙa ofishin abokin aiki.

Me alƙaluma suka ce?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da bincike kan lamarin a 2001, ta fitar da sakamakon zangon farko a 2007. Ta ce zaman awa huɗu ko fiye ba motsi, a jirgin sama ne ko jirgin ƙasa ko bas ko ƙaramar mota, yana ninka haɗarin kusan sau biyu, kuma ƙarin haɗarin kan ɗauki kamar mako huɗu kafin ya gushe. Wannan jimlar ce ke yawo a kafafen sada zumunta. Wadda ke biye da ita kuwa ba a cika ɗaukowa ba: duk da ninkin, haɗarin bai wuce kamar mutum 1 cikin 6,000 ba.

Ninki biyu na abin da tun asali ƙarami ne, ƙarami yake zama. A jimlace, manya 1 zuwa 2 cikin 1,000 ne ke samun wannan daskarewa a shekara, amma rabon bai zo daidai ba. Kafin shekara 40, abin bai wuce kamar 1 cikin 10,000 ba. Daga 45 yake fara hawa da sauri, har ya kai 5 zuwa 6 cikin 1,000 a wajen shekara 80.

Wannan ba ya nufin cutar ƙarama ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa tana iya shafar mutum har 900,000 a shekara a ƙasar, ta kashe tsakanin 60,000 zuwa 100,000. Abin tambaya shi ne, su wane ne waɗannan mutanen?

Waɗanda ya kamata su sa ido

Babban wurin da ake gamuwa da gudan jini shi ne gadon asibiti. Masana sun ƙiyasta cewa har kashi 60 cikin 100 na masu samun sa, suna samun sa ne yayin kwanciya a asibiti ko cikin kwana 90 bayan sallama. Dalilin a fili yake idan aka tuna sharuɗɗan nan uku. Wanda aka yi wa tiyatar ƙugu ko gwiwa, an taɓa jijiyoyinsa, jikinsa ya tashi haiƙan wajen daskarar da jini don ya warkar da rauni, ga shi kuma a kwance ba motsi. Duka ukun sun haɗu a kansa.

Sai mai ciki, da musamman mai jego a makonni shida na farko bayan haihuwa, balle idan da tiyata aka ciro jaririn. Jikin mace yana ƙara wa jini ƙarfin daskarewa ne don ya kare ta daga zubar jini a wajen haihuwa, kuma kariyar nan ita ke iya juyewa ta zama matsala. Sai masu ciwon daji, da wanda ya karye aka ɗaure masa ƙafa, da mai ƙiba sosai, da mai sikila, da wanda ya taɓa samun gudan a baya ko aka samu a iyayensa da 'yan'uwansa na jini. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin su ma suna ƙara haɗarin: hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce daga kamar mace 2 cikin 10,000 a shekara, yakan koma 5 zuwa 12, gwargwadon irin ƙwayar. Ko a nan, bai kamata mace ta ajiye maganinta don tsoro ba tare da shawarar likita ba, domin ciki da jego sun fi ƙwayar haɗari ta wannan fuska.

A jikin irin waɗannan mutane ne dogon zama ke zama abin kulawa da gaske, saboda yana ɗoruwa ne a kan abin da ya tarar.

Alamomin gaske da waɗanda ke kama da su

Gudan jini a ƙafa yawanci ƙafa ɗaya yake kamawa. Za ta kumbura fiye da 'yar'uwarta, ta yi ciwo mai nauyi wanda ba ya lafawa da hutu, wurin ya yi ɗumi, launin fatar ya sauya. A jikin mai duhun fata ba lallai a ga ja ba, wurin kan ƙara duhu ne kawai. Abin kuma yana ci gaba, yau ya fi jiya. Idan ya kai huhu, numfashi kan sarƙe farat ɗaya, ƙirji ya riƙa suka musamman idan an ja numfashi, zuciya ta riƙa gudu, wani ya yi tarin jini, wani ya suma. Wanda ya ga waɗannan, asibiti zai nufa nan take. Ba a jira a ga abin da gobe za ta yi, ba a kuma matsa ƙafar ko a yi mata tausa.

Akwai kuma abubuwan da ke tayar wa mutane hankali alhali ba su ba ne. Ƙafafu biyu su ɗan kumbura bayan doguwar tafiya, su saɓe bayan an taka ko an kwana: ruwa ne ya taru. Ƙafa ta sage ko ta yi minjirya don an zauna a kanta: jijiyar saƙo ce aka danne, da an gyara zama take sakewa. Tsoka ta ɗaure da dare ta saki bayan 'yan mintuna, ko ciwo ya yi ta yawo, yau a hagu, gobe a dama, jibi a hannu: gudan jini ba ya irin wannan yawon.

Lokacin da fargabar ta zama ita ce cutar

A nan nake so a tsaya, domin a nan ne mutane da yawa ke shan wahala a ɓoye. Akwai wanda ya karanta labari guda, daga ranar bai sake samun natsuwa ba. Yana zaune yana lissafin mintunan da ya yi. Ya tashi ya latsa sharaɓarsa, ya gwada ta da ɗayar, ya nemo magwaji ya auna, ya haska fitilar waya yana neman sauyin launi. Ya shiga intanet ya rubuta alamominsa, ya fito da tsoron da ya fi wanda ya shiga da shi. Tun a 2008 wasu masu bincike na kamfanin Microsoft suka nuna yadda neman bayani kan alama mai sauƙi, irin ciwon kai, ke kai mutum ga shafukan munanan cututtuka fiye da yadda suke faruwa a zahiri.

Gudan jini yana da wani hali da ya sa ya dace da wasiwasi fiye da yawancin cututtuka. Ba a ganin sa, an ce yana iya zuwa ba alama, an ce yana kisa farat ɗaya, kuma abin da aka ce yana jawo shi, wato zama, abu ne da babu mai iya guje masa. Mafi muni, alamomin firgici sun yi kama da nasa. Mutum ya tsorata, zuciya ta fara gudu, numfashi ya yi sama-sama, ƙirji ya ɗaure, yatsu su yi sanyi, kai ya yi jiri. Sai ya ce shi ke nan, gudan ya iso huhu. Tsoron ya ƙaru, alamomin su ƙaru. Ita ma sharaɓar da aka wuni ana latsawa dole ta yi tsami, sai tsamin ya zama sabuwar hujja.

Mai wannan hali ba ƙarya yake yi ba, ba kuma raki ba ne. Abin da yake ji a jikinsa yana jin sa da gaske, fassarar ce ta kauce. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba larurar matsayi na kanta a kundinta na 2013, inda ta siffanta ta da shagaltuwa da tsoron wata mummunar cuta na aƙalla wata shida, tare da yawan duba jiki ko kuma guje wa asibiti gaba ɗaya. Abin da ya sa take da wuyar sha'ani shi ne, kwantar da hankali ba ya daɗewa a jikin mai ita. Likita ya ce lafiya lau, ya samu sauƙi na kwana biyu, a na uku ya ce to idan bayan gwajin ne ya fito fa? Duk duban da ya yi yana koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa ba za ta natsu ba sai an sake dubawa.

Me ya sa ba a yi wa kowa gwaji?

A nan ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu cewa a ƙara wayar da kai suna nuni da waɗanda aka yi wa sakaci. Shahararriyar 'yar wasan tanis Serena Williams, wadda gudan jini ya taɓa toshe wa huhu a 2011, ta ba da labarin yadda numfashinta ya sarƙe bayan ta haihu ta hanyar tiyata a 2017, ta nemi a ɗauki hoton huhunta, ba a saurare ta da farko ba, sai da ta nace aka ɗauka aka ga gudajen. Irin wannan ne ya sa tun 2014 aka ware 13 ga Oktoba, ranar haihuwar Virchow, don faɗakarwa kan cutar a duniya.

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa gwaji ba kyauta yake zuwa wa jiki ba. Gwajin jinin da ake kira D-dimer yana da amfani ne idan ya fito ƙasa, domin yana taimakawa a kawar da zato. Amma yakan hau saboda ciki, ko tsufa, ko wata 'yar cuta, ko rauni, ba tare da akwai gudan komai ba. Idan aka yi wa mai ƙoshin lafiya ya hau, sai a shiga ɗaukar hoton huhu, wanda ke ɗauke da tururin radiyeshan da allurar rini mai iya wahalar da ƙoda. Maganin tsinka jini kuma, irin su hefarin da warfarin da sababbin da suka biyo baya, ana shan sa aƙalla wata uku, kuma yana iya jawo zubar jini mai hatsari. Shi ya sa likitoci ke fara auna yiwuwar cutar da wani ma'auni da likitan Kanada Philip Wells ya tsara: akwai ciwon daji? An yi babbar tiyata cikin mako 12? An kwanta jinya kwana uku ko fiye? An ɗaure ƙafar? Ƙafa ɗaya ta fi ɗayar kumburi sosai? Zaman ofis ba ya cikin jerin.

Ni dai ban ga saɓani na gaske tsakanin ɓangarorin biyu ba. Serena mai jego ce, an yi mata tiyata, ta taɓa samun gudan, ga sabuwar alama. Labarinta hujja ce ta a saurari mai haɗari da gaggawa, bai zama hujjar kowane mai zaman kujera ya nemi hoton huhu ba.

Abin da ya rage a hannun mutum

Ga mai aikin zama, abin yi bai da yawa. Ya riƙa miƙewa ya taka kamar kowace awa, idan ba hali ya riƙa ɗaga dugadugansa yana saukewa, yana juya idon sawu, ya sha ruwa daidai ƙishinsa. Amfanin wannan ga baya da zuciya da sukarin jini ya ma fi amfaninsa ga gudan jini. Direba ya riƙa tsayawa ya zaga motarsa. Matafiyin da ke cikin masu haɗari ya ga likita kafin doguwar tafiya; akan ba irinsu safa ta musamman mai matse ƙafa zuwa gwiwa. Kada kowa ya ɗora wa kansa shan asfirin don tafiya ko don zama, domin ƙa'idojin likitoci ba su ba da wannan shawarar ba.

Wanda za a kwantar a asibiti, ko danginsa, su ne ya kamata su buɗe baki su tambaya: an auna haɗarin daskarewar jini? Akwai allura ko safar da ya dace a ba shi? Yaushe zai fara takawa, kuma wace alama za a sa wa ido bayan an koma gida?

Shi kuwa mai wasiwasi, shawarar tashi duk bayan awa ɗaya ma tana iya zame masa sabon tarko, ya koma saita agogo yana firgita idan ya makara da minti biyar. Abin da bincike ya nuna yana taimaka wa irinsa shi ne jinyar gyaran tunani da ɗabi'a a wajen masanin halayyar ɗan'adam, wani lokaci haɗe da magani. A can ake koya masa ya rage latsa ƙafa da aune-aune sannu a hankali, ya daina tambayar intanet, ya zauna da fargabar har ta sauka da kanta. 'Yan'uwansa su ma da rawar da za su taka, domin amsa masa tambaya ɗaya sau goma a rana tausayi ne da ke ƙara ciyar da larurar. Yakan taimaka ya zaɓi likita guda da ya san tarihinsa, su zauna su rubuta alamomin da idan ya gan su zai tafi asibiti ba tare da jinkiri ba: kumburin ƙafa ɗaya mai ci gaba, sarƙewar numfashi farat ɗaya, tarin jini, suma. Duk abin da ba ya cikin takardar, sai ya ajiye shi zuwa ranar da aka ba shi ta komawa.